Mudun Intanet: Me Zai Hana Mu Koya Wa Ɗalibai Awonsa?

Babu uwargidan da za ta aiki yaro kasuwa ya sayo gero, ya dawo, ta juye a tukunya ba tare da ta sake aunawa da nata mudun ba. Haka kuma magidancin da ya je Dawanau sayen masara, sai ya sa an huda buhu ya ga ƙwayar, ya jijjiga shi ya ji nauyinsa, kana ya sa hannu a aljihu. Awo ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Muna da mudu da tiya domin hatsi, da kamu domin tufafi, da taki domin gona. Amma ga wata haja ta shigo gidajenmu, muna biyan kuɗinta mako-mako ko wata-wata, kuma da wuya a sami mutum ɗaya a gidan da zai iya cewa an cika masa mudu ko an tauye. Wannan haja ita ce intanet. Iyakar abin da akan ji daga bakinmu shi ne "yau sabis ba kyau", kamar dai yadda ake maganar hazo ko zafin bazara, watau abin da ba mu da ta cewa a kansa.

Ra'ayina shi ne, bai kamata ɗalibi ya gama sakandare ba tare da ya iya auna gudun intanet ɗin gidansu ba, ya kuma fahimci abin da alƙaluman suke nufi. Ina kuma ganin malaman kimiyya, har da mu na ilmin halittu, su ya kamata su ɗauki wannan aiki, kada a bar wa malamin kwamfuta shi kaɗai. Dalili na kusa shi ne kuɗi. A watan Janairu na 2025 Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, watau NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi har da kashi 50 cikin ɗari, kuma duk mai sayen data ya ji a jikinsa. Dalili na biyu, wanda ya fi damuna a matsayina na malami, shi ne makarantunmu da yawa ba su da ɗakin gwaje-gwaje mai kayan aiki, sai yaro ya haddace ma'anar gwaji ba tare da ya taɓa auna wani abu da hannunsa ba. To, ga na'urar awo nan a aljihun kusan kowane malami.

Wataƙila mai karatu ya ce, me ya haɗa malamin ilmin halittu da maganar waya? Ai auna gudun saƙo tsohuwar sana'armu ce. A farkon ƙarni na 19 masana sun ɗauka cewa saƙon da ke bi ta jijiya zuwa tsoka yana tafiya ne kamar walƙiya, har babban masanin nan na Jamus, Johannes Müller, ya yi zaton da wuya a taɓa iya auna shi. A shekarar 1850 sai ɗalibinsa, Hermann von Helmholtz, ya ɗauki tsokar ƙafar kwaɗo da jijiyarta, ya taɓa jijiyar da lantarki a wuri mai nisa da tsokar, ya sake taɓawa a kusa, ya auna bambancin lokacin da tsokar ta ɗauka kafin ta motsa. Ya sami gudun da ya kai kimanin mita 30 a sakan guda, watau kamar gudun mota a kan babbar hanya. Abin lura shi ne bai yi gwajin sau ɗaya ya kaɗe riga ya tashi ba. Ya maimaita shi sau da yawa, yana rubuta kowane sakamako. Irin wannan haƙuri nake so mu koya wa yaranmu, kuma intanet ya ba mu kwaɗon da ba sai an je rafi kamunsa ba.

Mu fara da mudun kansa. Duk abin da ke bi ta intanet, ko rubutu ne ko murya ko hoto, akan mayar da shi jerin alamu biyu, 0 da 1. Kowace alama guda ana kiranta bit, kuma bit 8 su ne bayit 1. Kamfanoni suna faɗin gudun layi da megabit a sakan, watau bit miliyan ɗaya a kowane sakan, abin da ake rubutawa Mbps. Amma datar da muke saye, da girman fim ko littafin da muke saukewa, ana ƙidaya su ne da megabayit, MB, da gigabayit, GB. Ƙaramin harafin b da babban B ke nan, amma tsakaninsu akwai ninki 8. Alal misali, idan layinka yana gudun megabit 20 a sakan, megabayit 2.5 kaɗai yake kawo maka a kowane sakan. Littafi mai megabayit 100 zai ɗauki sakan 40 kafin ya sauka, alhali wanda bai san bambancin ba sakan 5 yake tsammani, kuma zai rantse an cuce shi. Wannan ba zamba ba ce, al'adar injiniyoyin sadarwa ce da ta daɗe. Inda nake da ja shi ne kalmar nan "har zuwa" da ake maƙalawa a gaban alƙalami a talla. Mai awon hatsin da ya ce zai ba ka "har zuwa mudu goma" a kan kuɗinka, ai ko ƙaramin yaro zai tambaye shi, to mafi ƙaranci nawa ne?

Manhajojin awo suna nan kyauta. Akwai Speedtest na kamfanin Ookla, wanda ya fara aiki a 2006, akwai kuma Fast.com da Netflix ya fitar a 2016. Kowanne zai nuna maka gudun saukewa, watau abin da ke zuwa wayarka, da gudun ɗorawa, watau abin da ke fita daga cikinta. Na biyun yakan fi ƙanƙanta, domin an tsara layukan ne bisa cewa mutane sun fi karɓa a kan aikawa. Malamin da ke koyarwa ta bidiyo, ko ɗalibin da ke ɗora takardunsa a shafin jarrabawa, wannan ƙaramin alƙalamin shi ne nasa.

Akwai alƙalami na uku da yawancin mutane ba sa ko kallo, wanda manhajar ke rubuta wa suna ping. Mu kira shi jinkiri. Shi ne lokacin da ɗan ƙaramin saƙo ke ɗauka ya je ya dawo, kuma ana auna shi da milisakan, watau kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Jinkiri daban, yawan kaya daban. Tirelar da ta ɗauko albasa daga Sakkwato ta fi babur ɗaukar kaya nesa ba kusa ba, amma in maganin gaggawa za a kai wa maras lafiya, babur za a tura. Jikinmu ma ya san wannan. Idan ka yi tuntuɓe, nan take za ka ji bugun, sai bayan ɗan lokaci wani raɗaɗi mai nauyi ya biyo baya. Dalili kuwa shi ne jijiyoyi masu kauri da ke da rufin kitse suna iya kai saƙo da gudun da ya kai mita 120 a sakan, su kuwa sirara marasa rufi, masu ɗauke da wannan raɗaɗi, ba sa wuce mita ɗaya ko biyu.

Wani kaso na jinkirin intanet babu kuɗin da zai kawar da shi, domin nisa ne ke jawo shi. Saƙonninmu suna tafiya ne a matsayin haske cikin zaren gilashi mai siririn gashi, kuma a cikin gilashi haske yana gudun kimanin kilomita 200,000 a sakan. Wayar ƙarƙashin teku ta MainOne, wadda ta fara aiki a 2010, tsawonta kusan kilomita 7,000 ne daga Fotugal zuwa Legas. Zuwa da dawowa kilomita 14,000 ke nan, watau milisakan 70. A ƙara tazarar Kano zuwa Legas, wadda ta kai wajen kilomita 1,000 in an bi hanya, an sami wasu milisakan 10. Saboda haka saƙon da ya tashi daga Kano ya bi wannan waya zuwa Turai ba zai dawo a ƙasa da milisakan 80 ba, ko da babu cunkoso ko kaɗan. Tsofaffin taurarin ɗan'adam na sadarwa suna tsaye ne a nisan kusan kilomita 36,000 daga ƙasa. Tambaya ta hau ta sauka, amsa ta hau ta sauka, tafiya huɗu ke nan, kusan rabin sakan. Shi ya sa akan ga wakilin gidan talabijin ya yi shiru yana gyaɗa kai bayan an gama yi masa tambaya. Taurarin Starlink, waɗanda suka fara aiki a Nijeriya a Janairun 2023, suna yawo ne a nisan kimanin kilomita 550, don haka jinkirinsu ya ragu ƙwarai. Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya ta ba da shawarar kada jinkirin murya daga baki zuwa kunne ya wuce milisakan 150, domin daga nan ne masu hira ke fara yi wa juna katsalandan ba da niyya ba. Duk wannan lissafin raba nisa da gudu ne, wanda ɗan aji ɗaya na babbar sakandare zai iya yi a allo.

A nan akwai wata dabara da ya kamata ɗalibi ya sani. Manhajar awo tana aika saƙonninta ne zuwa wata babbar kwamfuta mai amsa kira, wadda ake ce wa uwar garke, kuma takan zaɓi wadda ta fi kusa. Sakamakon sai ya yi kyau, kamar wanda aka auna bugun zuciyarsa yana kwance a inuwa. Amma shafin da kake son buɗewa wataƙila yana Landan ne ko Amurka. Speedtest yana barin mutum ya zaɓi uwar garken da yake so. A gwada ta kusa, a gwada ta nesa, a rubuta duka biyun.

Yanzu mu zo ga darasin da ke cikin manhajar karatun ilmin halittu kanta. A 1905 masanin tsirrai na Ingila, Frederick Blackman, ya nuna cewa idan aiki ya dogara ga abubuwa da yawa, wanda ya fi ƙaranci a cikinsu shi ke yanke saurin aikin. Ganye yana buƙatar haske da ruwa da iskar kabon domin haɗa abinci. In iskar ce ta yi ƙaranci, ko an ninka hasken ba abin da zai ƙaru. Manomi ya san haka tun kafin Blackman: gonar da ba ta sami ruwa ba, zuba mata taki asarar kuɗi ne. Intanet ɗin gida ma sarƙa ce mai zobba da yawa. Akwai wayar hannu, akwai Wi-Fi, akwai na'urar rarraba shi a gida, akwai ƙarfen sabis na unguwa, akwai zaren gilashin da ya gangara kudu, akwai wayar teku, sannan ga uwar garke can a ƙarshe. Alƙalamin da ka gani a allo na zoben da ya fi rauni ne, kuma allon ba zai gaya maka wanne ne ba. Sai ka bincika da kanka, ta hanyar da kimiyya ta koya mana, watau a sauya abu ɗaya kawai a bar sauran yadda suke.

Sau da yawa raunin yana cikin gida ne, kuma adalci ne a faɗi haka kafin a zargi kamfani. Wi-Fi igiyar rediyo ce, kuma bangon siminti yana rage ƙarfinta, ƙarfe da kwanon rufi suna mayar da ita baya, ruwa kuma yana shanye ta. Wanda ya ajiye na'urarsa a ƙasa bayan durom ɗin ruwa, ko cikin kabad ɗin ƙarfe don tsoron yara, shi ya tauye wa kansa mudu. Yawancin na'urorin zamani suna da zango biyu, na gigahaz 2.4 da na gigahaz 5. Na farkon ya fi ratsa bango da kaiwa nesa, na biyun ya fi gudu amma a kusa. Ɗalibi zai iya tabbatar da wannan da yamma ɗaya: ya auna a gindin na'urar, ya auna a ɗaki na gaba, ya auna a zaure, da waya ɗaya, cikin 'yan mintoci. Tsohuwar wayar da ba ta wuce 3G ba kuwa, ko a gindin ƙarfen 5G aka tsayar da ita ba za ta wuce iyakarta ba.

Wani lokaci kuma raunin yana waje. Ƙarfen sabis kamar famfon unguwa yake, kowa daga nan yake ɗiba. Da asuba ruwa na zuba da ƙarfi, da daddare kuwa, lokacin da kowa ya zauna kallon bidiyo, sai ɗigo. Sandunan nan da ke saman allon waya ƙarfin igiyar da ke tsakaninka da ƙarfen suke nunawa, ba su san yawan mutanen da ke layi tare da kai ba. Saboda haka mutum kan ga sanduna sun cika amma shafi ya ƙi buɗewa. Akwai ma ranar da zoben mai rauni ya koma ƙarƙashin teku. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin teku huɗu, WACS da MainOne da ACE da SAT-3, sun sami matsala a gaɓar Kwadebuwa, intanet ya yi rauni a ƙasashen Afirka ta Yamma da dama, har harkar bankuna ta tsaya cak ga mutane da yawa a Nijeriya. A wannan rana babu wurin da za ka ɗora na'urarka a gida ta yi maka amfani.

Tun da abin yana sauyawa haka daga awa zuwa awa, awo ɗaya ba awo ba ne. Likita ba ya ce wa mutum yana da hawan jini don ya auna shi sau ɗaya, bayan ya hawo bene yana haki. Ga yadda nake ganin za a tsara aikin a aji. A auna sau uku a jere da ƙarfe 6 na safe, da 2 na rana, da 9 na dare, har kwana bakwai. Awo 63 ke nan. A rubuta kowanne a littafi tare da rana da lokaci da wurin da aka tsaya, da irin wayar, da ko ana ruwan sama, da ko akwai wutar lantarki. Daga nan sai a zana jadawali, a ga ko dare ne ke da laifi ko wuri.

A wajen taƙaita sakamakon ne malamin lissafi zai sami abin da ya daɗe yana nema. A ce an sami 2 da 3 da 3 da 4 da 28. In aka tara aka raba biyar, matsakaicin ya zama 8, alhali sau huɗu cikin biyar mai layin bai ko kusanci 8 ba. In kuwa aka jera su aka ɗauki na tsakiya, 3 za a samu, kuma shi ya fi kama da abin da mutumin ke fama da shi kullum. Yaron da ya ga wannan da alƙaluman gidansu ba zai sake rikita matsakaici da na tsakiya ba, kuma zai fara tambaya in ya ji an ce "matsakaicin kuɗin shiga" ko "matsakaicin amfanin gona" a rediyo.

Na san akwai masu ja. Wasu za su ce an hana ɗalibai zuwa da waya makaranta, kuma ina goyon bayan wannan doka. Wayar malami guda ta isa a nuna a aji, sauran aikin kuwa na gida ne, da wayar mahaifi ko ta yaya. Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne gwajin kansa yana cin data, kuma gaskiya ne. Idan layi na gudun megabit 20 kuma gwajin ya ɗauki sakan 10, an sha megabit 200, watau megabayit 25, ban da na ɗorawa. Awo 63 zai haura gigabayit ɗaya da rabi, wanda ba ƙaramin kuɗi ba ne ga talaka. Ana iya raba kwanakin tsakanin 'yan aji da ke unguwa ɗaya. Akwai ma hanyar da ba ta cin ko sisi, wadda ni na fi so domin ta fi kama da aikin Helmholtz. Duk lokacin da za a sauke wani abu da dama ana bukatarsa, a duba girmansa, a duba agogo. Megabayit 30 da ya sauka cikin sakan 60 rabin megabayit ne a sakan, a ninka da 8, an sami megabit 4.

Irin wannan lissafi yana warware wata rigima da ta zama ruwan dare, watau "data tana ƙarewa da wuri". Manhajojin bidiyo irin su YouTube suna ƙara kyawun hoto da kansu in sun ga layi yana da gudu. Bidiyon da ke zuwa da megabit 5 a sakan zai sha megabayit 2,250 a awa guda, fiye da gigabayit biyu. Wannan bidiyon, in aka rage kyawunsa zuwa megabit 1, megabayit 450 zai sha, kuma a ƙaramin allon waya bambancin ba shi da yawa. Mutum ya koma layi mai gudu, datarsa ta fara ƙarewa cikin kwana uku, sai ya ce sata ake yi. Mai yiwuwa ne akwai kuskure a lissafin kamfani, amma ba za a sani ba sai an duba ma'aunin data da ke cikin wayar an gwama da nasu.

Akwai kuma amfanin da ya wuce gida. Shirin faɗaɗa intanet na Nijeriya na 2020 zuwa 2025 ya sa burin samar da aƙalla megabit 25 a birane da megabit 10 a karkara. Wa zai gaya mana abin da ake samu a Gumel ko Ɗanbatta ko Illela? Alƙaluman da kamfanonin awo ke bugawa suna fitowa ne daga mutanen da suka ga damar yin gwajin da kansu, kuma mai babbar waya a birni ya fi manomi a ƙauye yin hakan. Masuncin da ya jefa taru mai faɗin ido zai dawo ya ce duk kifayen kogin manya ne. Da makarantu ɗari za su yi wannan aiki na mako guda, da tsari iri ɗaya, sannan wata jami'a ta tattara littattafan, da mun sami taswirar da ta fi wannan kusa da gaskiya, kuma yara ne suka zana ta.

Ga wanda awonsa ya nuna lallai an tauye shi, hanyar ƙorafi a buɗe take. Ƙa'ida ita ce a fara kai kuka ga kamfanin, a karɓi lambar ƙorafi, in ba a gyara ba a kira NCC ta lamba 622, wadda kyauta ce. Wanda ya kira ya ce "sabis ba kyau" za a ce masa ya kashe waya ya kunna. Wanda ya ce kwana bakwai ke nan yana aunawa a wuri ɗaya da waya ɗaya, yana samun megabit 18 da safe da megabit 1 da ƙarfe 9 na dare, ya riga ya nuna wa injiniya cewa ƙarfen unguwarsu ne ya yi wa jama'a kaɗan.